Nakibuuka da Ƙarfen Zubi

A layinmu na unguwar Katwe, duk mai walda yana da bokitin ruwa kusa da ƙafarsa. Ka gama liƙa ƙofa ko taga, ka kwara mata ruwa, mai kaya ya ɗauka. Haka Nakibuuka ta koya wurin mijinta kafin ya rasu ya bar mata rumfa da injin walda mai tari. Ni ina gefe ina dafa ayaba, ba abin da ke wuce ni.

Mzee Lubega, wato dattijo Lubega, shugaban layin, ya daɗe yana son rumfar don ƙanensa. Da aka kawo murfin injin niƙa da ya tsage, kowa ya ƙi taɓawa, don ƙarfen zubi ne, ba ya son walda. Lubega kuwa ya tura wa Nakibuuka shi.

"Maama, in kin liƙe shi, rumfa taki ce. In ya gagare ki, ki koma wanke tukwane."

Ta liƙe shi tsaf, ta kwara ruwa kamar kullum. Sai muka ji ƙas. Sabuwar tsaga ta fito gefen ɗinkin waldar. Maza suka yi ta dariya, ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai.

Ta ɗauki ɓallin ƙarfen tana juyawa, can ta ce mini, "Yaya, sanyin gaggawa ne ba ya so. Ara mini murhunki."

Washegari ta gasa murfin a garwashina har ya ɗau zafi ko'ina. Ta riƙa ɗiga walda kaɗan-kaɗan, tana bubbugawa da ƙaramar guduma, sannan ta binne shi cikin toka mai zafi don ya huce a hankali.

Mai injin niƙan ya iso da la'asar, ya ce babur na jiransa. Lubega da kansa ya ɗauko bokiti.

"Matsa in sanyaya masa, kin ɓata wa mutum lokaci."

Nakibuuka ta jawo kujera ta zauna gaban tokar.

"Mzee, sai dai ka fara jiƙa ni."

Haka ta tsare har aka tashi kasuwa. Da safe ta tono murfin, ta kaɗe toka, ta miƙa wa Lubega guduma.

"Buga da ƙarfinka."

Ya buga, ya sake bugawa, ɗinki ko gezau. Ta karɓe gudumarta ta ce masa ya ɗan gusa, ya tare mata ƙofar rumfa.