Katifar da Na Kai Aka Farke

Shekarun baya, kamar shekara guda bayan rasuwar uwar yarana, na samu kaina ni kaɗai a gida mai ɗaki biyar a Kaura. 'Ya'yana mata biyu suna gidajen mazajensu, ɗana babba yana aiki a Gusau. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koyarwa a firamare, kullum kunnena cike da hayaniyar yara, sai ga ni ina dafa shayi kofi ɗaya, in sha, in wanke kofin, in zauna ina kallonsa.

Ɗana ya matsa min. Duk zuwan da zai yi maganar ɗaya ce: "Baba, a sai da gidan ga ka taho wurinmu. Zaman mi kake nan kai ɗai?"

Ni kuwa da taurin kai aka haife ni, kowa ya shaida. Gidan da na kawo uwarsa a cikinsa, na tsufa da ita a cikinsa, shi zan bari in je in zauna a ɗakin bayan gidan ɗana ina jiran a kira ni cin abinci? Sai na ce masa zan buɗe ɗakuna uku na gaba in riƙa saukar baƙi, kwana ɗaya ko biyu. Fatake da yawa suna isowa Kaura jajibirin kasuwar Shinkafi, kuma yadda hanya ta zama ba mai son shiga mota bayan la'asar. Sai ya ce, "To Baba, mu gani zuwa bayan damina. In gidan ya samu mutane, na bar maganar. In bai samu ba, da mota zan zo." A gaban ƙanena muka yi wannan magana, don haka babu hanyar zamewa.

Na shiga kasuwa na sayo katifar soso guda uku. Kada ku tambaye ni yadda na zaɓa, don abin kunya ne. Na duba wadda ta fi kauri da wadda furannin jikinta suka fi kyau, na danna da babban yatsa na ga ya nutse, na ce madalla, laushi ya ji. Na kawo na shimfiɗa su a kan siminti da ledarsu. Ku ma kun san halinmu. Mutum zai shekara biyar yana kwana a kan leda don duk wanda ya leƙo ya ga katifar sabuwa ce. Ni har hujja na ƙara wa kaina: baƙi ne, kowa da guminsa, leda za ta tsare min kaya.

Baƙi suka fara zuwa, a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Kaura ke gasa mutum ko a inuwa. Kowa zai kwana ɗaya, da safe ya yi godiya har da addu'a, ya tafi. Shi ke nan, ba zan sake ganinsa a ƙofata ba. Mako mai zuwa in na bi ta tasha sai in hango mutumin nan dai ya miƙe a kan bencin mai shayi, jakarsa a ƙarƙashin kansa. Wallahi abin ya ci min rai. Benci ya fi gidana?

Na share ɗakuna har na gaji, na canza butoci, na sa turare, na riƙa dama kunu da kaina. Duk a banza. Daga ƙarshe na yanke cewa surutuna ne ke korar su. Gaskiya ina da shi. Mutumin da ya yi kwana shida bai yi magana da kowa ba, in ya samu baƙo sai ya tsare shi da tambaya tun daga farashin wake har sunan kakansa. Sai na kama bakina. Baƙo zai zo in nuna masa ɗaki da buta, in koma ciki in zauna, ina jin tarinsa ta bango, ina son fita ina hana kaina. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan makonni ba, ga mutum a gidan amma ba nawa ba.

Mutum ɗaya ne ya dawo. Wani dattijo ne daga Zurmi mai fataucin wake, siriri, ba ya son yawan magana. Ya zo sau uku a jere. A zuciyata har na fara ce masa abokina, shi bai ma sani ba.

A zuwansa na uku, bayan mun dawo daga sallar asuba, na kai masa kunu. Ƙofar a buɗe take. Na tarar an jingine katifata a bango, furanninta suna kallon ɗaki, shi kuma ya shimfiɗa dardumarsa a kan siminti yana matsa ƙugunsa da hannu.

Na ce, "Alhaji, lafiya? Me ya samu katifar?"

Ya dube ni ya ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa kwanci bisa katifar ga?"

"A'a, ai ta baƙi ce."

"To aje kunun ga ka kwanta."

Ya sauke ta da kansa. Ni da furfurata na kwanta a gaban baƙona. Ina juyawa leda ta ɗauki ƙara, ƙaras-ƙaras, ko ɓarawo ba zai iya motsi a kanta a ɓoye ba. Kafin in gama mamaki bayana ya jiƙe ya manne. Ƙuguna kuwa ya nutse har na ji sanyin siminti, ƙafafuna da kaina suna sama. Da na zo tashi na kasa, sai da ya miƙo min hannu.

Ya ce, "Ka ji abin da mutane ke gudu. Ba mai hwaɗa maka. Mutum ya ba ka ruwa, ya ba ka kunu, ka dubi idonai ka ce katifatai ba ta kwantuwa? Ni don amanar gidanka nike dawowa, amma bayana ya gaza da ƙasa. In na zo wani mako sai na nemi wani wuri. Ni tsoho ne, bayana katifar rimi ya sani."

Na ce, "Ashe ba surutuna ba ne?"

Ya ce, "Wane surutu? Ai ni na ɗauka ba ka son mutane."

A lokacin ruwa ya riga ya sauka, gero har ya fara rufe ƙasa. Kwanakin da ɗana ya ba ni suna tafiya. Ranar na yayyage ledojin nan da haushi. Na koma kasuwa na nemo masu tauri guda biyu, kuma wannan karon a cikin shagon na cire takalmi na kwanta a kan kowace, na juya dama na juya hagu, mutane sun taru suna dariya wai Malam ya zo barci kasuwa. Ko a jikina. Na sa kafinta ya yi min katako na ɗaga su daga ƙasa saboda danshi.

Saura ta rimi. Akwai wani tsoho mutumin Sakajiki da ke ɗinkin katifa a bayan kasuwa. Na same shi, ya ce audugar rimi mai kyau ta ƙare tun bazara, sai rimi ya sake fashewa da rani. Wadda ta rage a hannun mutane duk ta sha danshi. Na tsaya lissafin watanni, na ga kafin nan ɗana ya zo da motarsa ya koma.

Katifar rimi ɗaya na sani a duniya, kuma tana cikin gidana, a ɗakin uwar yarana.

Ranar rabon gadonta, 'ya'yana mata suka ɗauki kwanuka da zannuwa, ni na ce a sa min katifar a rabona. Har wata ƙanwarta ta ce, "Yaya, wannan tsohuwar katifa me za ka yi da ita?" Ba kwana nake a kanta ba. Ɗakin a kulle yake, sai bayan azahar in rana ta hana fita in buɗe in zauna a ƙasa kusa da gadon. Ta gefen bango katifar ta loɓa, daidai tsawonta, daidai inda kafaɗarta da ƙugunta suke sauka shekara da shekaru. Nakan sa tafin hannuna a wurin. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da nake rubuta muku.

Kuma ba yadda za a ba baƙo ita a haka. Audugar ta dunƙule, rigarta ta tsufa, sai an gyara.

Kwana biyu ina kewaya gidan ina faɗa da kaina. In na bar katifar yadda take, abokina ya tafi, gidan ya koma kango, a ɗauke ni zuwa Gusau. In na bayar, na zauna. A rana ta uku na naɗe ta na ɗaure a bayan mashin, ban tsaya gaisawa da kowa a hanya ba.

Tsohon mai ɗinkin katifa ya shimfiɗa ta a kan tabarma, ya bi ta da tafin hannu tun daga sama har ƙasa. Da ya zo wurin da ta loɓa sai ya tsaya.

Ya ce, "Mai ita ba ta da jiki. Kuma jikin bango take kwanci."

Na ce, "Haka ne."

Ya ɗago ya dubi fuskata, ya gane. Ya ce, "Allah shi gafarta mata." Sannan ya ce, "Malam, in gaya maka tun yanzu. In na farke, na zazzage audugar na shanya, na bubbuge ta da sanda, wurin ga tashi zai yi. Ba ya dawowa."

Ya riƙe reza a hannu bai sa ba, yana jirana. Wani mai kura ya wuce yana neman hanya, wata mata tana ciniki a rumfar kusa.

Ya ce, "A farke?"

Na ce, "Farke."

Ban iya kallo ba. Na juya na je na tsaya wurin masu awon gero, ina kallonsu kamar ban taɓa ganin tiya ba.

Bayan kwana uku na karɓo ta da sabuwar riga, ta cika ta yi ɓul-ɓul, ko'ina daidai. Na bi ta da hannu har sau biyu. Babu komai.

Abokina ya zo jajibirin kasuwa, na tare shi a tasha na kawo shi gida na nuna masa ɗakin. Washegari bayan asuba ya ce bari ya ɗan miƙe, sai da motar farko ta Shinkafi ta tashi ba shi. Ya fito yana salati yana dariya, ya ce, "Malam, ka cuce ni, na makara! Wagga ita ce katifa. Ina ka samo ta?"

Na ce, "A gida take."

Mako na gaba ya zo da mutum biyu, ɗaya ɗan Katuru mai sayen awaki. Su ma suka kawo wasu. Kafin a yanke gero, jajibirin kasuwa sai na ba wani haƙuri don ɗaki ya ƙare, kuma surutuna ya dawo da ƙarfinsa, ba wanda ya gudu.

Ɗana ya cika alkawari, bayan damina ya zo da mota. Ya tarar da dattawa huɗu a zaure suna shan kunu suna gardama a kan wake. Ya durƙusa ya gaishe su, ya wuce ciki. Na ji ya buɗe ɗakin mahaifiyarsa. Ya daɗe. Da ya fito ya dube ni, na dube shi, bai tambayi ina katifar ba. Da la'asar ya koma Gusau shi kaɗai.

Yau in wani ya ce zai fara saukar baƙi ya zo neman shawara, abin da na sani kaɗan ne. Kada ka ba mutum katifar da kai ba ka kwanta a kai ba. Cire leda, ka sa zanen gado mai kauri da za ka iya wankewa. Duk Juma'a ina fitar da su rana, in juya kai ya koma ƙafa. Ta rimin kuma duk rani sai ta koma wurin mai ɗinki an bubbuge ta. Baƙo ba zai faɗa maka laifin shimfiɗarka ba, sai dai ka ga bai dawo ba.

Mutane suna cewa Malam ya yi nasara, ya ƙi barin gidansa kuma ya zauna. Na zauna ɗin. Amma baƙi da hantsi suke tafiya, kuma sauran kwanakin mako nawa ne ni kaɗai. Abokina ya yi shekaru yana kwana a kan katifar nan kafin ƙafa ta hana shi fatauci, kuma har ya daina zuwa bai san ta wace ce ba. Ban yi nadama ba, amma ina kewarta, kuma yanzu ba ni da inda zan sa hannuna.

Ɗakin nata zannuwan gadon baƙi nake ajiyewa a ciki. In na shiga ɗauka, ba na daɗewa.