Wincin Baba da Koren Shinkafa

Na tsufa, har sunayen jikokina nakan rikita, amma akwai wata damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba. Wani lokaci in na rufe ido nakan rasa gane ko da gaske abin ya faru ko mafarkinsa na yi, sai na tuna warin ruwan batir da ya ƙi barin hannuna.

A farkon shekarun tamanin ne, muna zaune a unguwar Television. Ni malamar firamare ce a lokacin, sabuwar amarya, kuma muna cikin dogon hutu. Mahaifina rewaya ne, wato mai gyaran wutar mota, garejinsa na ƙofar gida a gindin mangwaro. Ba shi da ɗa namiji, don haka ni ya koya wa tuƙi da riƙe sifana tun ina 'yar makaranta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da wani suna ba sai Uwata.

A shekarar ce idonsa ya fara mutuwa. Likita ya faɗa masa gaskiya, cewa jijiyar ce ta lalace, magani zai rage gudun ciwon ne kawai. Ya daina karɓar aiki. Sai ya zauna a kan benci yana kallon titi, yana jin ƙarar motoci yana faɗin abin da ke damun kowacce.

Wata safiya na je gaishe su, na tarar an sauke wani ƙaton ƙarfe a gaban tsohuwar jif ɗinsa. Wani abokinsa ne ya samo masa a Panteka, kasuwar tsofaffin ƙarafa. Injin jan mota ne mai aiki da batir, makanikai suna ce masa winci, da igiyar ƙarfe nannaɗe a jikinsa da ƙugiya a bakinta.

"Uwata, gona nake so ki kai ni," in ji shi.

Gonar shinkafa ce da yake da ita a wata fadama can bayan Kakau, wani ɗan'uwanmu yake noma masa. Da damina babu motar da ke shiga wurin.

Mama ta fito daga madafa da ludayi a hannu. "Mutumin da ba ya ganin kwanon tuwonsa ne zai shiga fadama a watan Agusta? Ki faɗa masa ya bari ruwa ya ɗauke."

Baba bai yi musu ba. A hankali ya ce, "Ja ya tafi, shuɗi ya tafi. Kore ne kaɗai ya rage mini. In ruwa ya ɗauke, shinkafar ta bushe, ni ma na gama."

Mama ta koma ciki. Can sai ga ta da tsohuwar rigar aikinsa, ta miƙo mini.

Haka muka shiga aikin, shi ne kai, ni ce ido. Wani mai walda ya ɗaure mana wincin a kan bamba, wato ƙarfen gaban motar, sauran aikin wuta kuwa Baba ya ce babu mai taɓa masa. Kafin komai ya sa na cire zoben aurena da awarwaro, ya ce batir ba ya sanin amarya. Ya bayyana mini cewa winci mayunwaci ne, in aka bar shi da batirin mota shi kaɗai zai shanye shi tas, a fita daga taɓo a rasa abin tayar da inji. Saboda haka muka yi wa batir na biyu gurbi a ƙarƙashin kujerar gefen direba, muka ɗaure shi da ƙarfe, muka sa makunni tsakaninsa da na farko, yadda za su sha caji tare amma in an kashe makunnin kowa ya ji da kansa.

Wayar da muka ja kaurinta ya kai babban yatsana, irin ta masu walda. Duk inda za ta ratsa ƙarfe sai ya sa na yanko tsohon tiyo na sa mata riga, don kada gogayya ta fere ta. Ina kwance a ƙarƙashin mota a kan buhu, hasken rana na ɗigowa ta ganyen mangwaro, muryarsa na saukowa daga sama kamar ta mai ba da tatsuniya. "Wace kala ce a hannunki?" Na ce ja. "To bi da ita ta hagu, nesa da salansa." Sai yatsunsa su biyo bayan nawa, suna shafa kowace ƙusa, suna gwada ƙarfin ɗaurin.

Da muka zo haɗa kan batir sai na tsaya. Alamar da ke jikinsa ta goge, na kasa gane wanne ne na wuta, wanne ne na as, wato wanda ake haɗawa da jikin mota. Baba ya yi dariya, ya kama yatsuna ya ɗora a kan ɗaya, sannan a kan ɗayan. "Kin ji wannan ya fi kauri? Shi ne na wuta. Wanda ya ƙera batir ya tuna da makafi." Na yi dariya, hawaye na zuba a kan sifana, na gode wa Allah da bai iya ganina ba.

Ranar tafiya muka fita da sassafe. Muka wuce Gonin Gora masu gasa masara suna hura wuta a bakin titi, hayaƙin na kwanciya a kan kwalta. Bayan Kakau muka sauka daga titi, hanya ta koma jar laka, ciyawa ta fi motar tsawo tana shafar gilashi ta kowane gefe. Ji nake kamar a cikin ruwa muke tafiya. Baba ya fitar da hannunsa ta taga, raɓa na jiƙa masa hannun riga.

A wani rafi da ke gab da gonar muka maƙale. Na shiga da ƙarfin zuciya, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya, motar ta zauna a kan cikinta. Ruwa ya fantsama cikin inji, ya yi tari ya mutu. Shiru ya sauka, sai kukan kwaɗi. Gabas ta yi baƙi, kuma na san in aka yi ruwa a tudu, rafin nan yakan cika kafin mutum ya ankara.

"Akwai itace a gabanmu?" Baba ya tambaya.

"Akwai giginya a ƙetare."

"Madalla. Kashe makunnin nan tukuna."

Na ɗaure zanena, na ja igiyar na ratsa ruwa har cinya, na zagaya gindin giginyar na maƙala ƙugiya. Ya sa na jiƙa buhu na rataya a tsakiyar igiyar, don in ta tsinke kada ta yi bulala ta sare mu. Na dawo na riƙe sitiyari, shi kuma ya karɓi madannin wincin ya rungume a ƙirji.

Da ya danna, wani gurnani ya taso daga gaban motar, igiya ta miƙe tana ɗigar da ruwa. Sai na ga giginyar tana matsowa. Har yau haka nake tuna shi, ba mu ne muke tafiya ba, itacen ne yake zuwa wurinmu a hankali, balbelu na tashi ta gefenmu farare fat a kan baƙin hadari. Baba yakan saki madannin ya saurara, ya ce a bar shi ya huce, sannan ya sake dannawa. Gurnanin ya fara yin ƙasa-ƙasa, batirin na gajiya, ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. Ina ta addu'a a zuci. A daidai lokacin da na ce ya ƙare, tayoyin gaba suka dafa tudu.

Na buɗe bonet, na goge wayoyin fulogi da ɗankwalina yadda ya nuna mini. Na murɗa makulli, batirin farko da babu abin da ya taɓa shi ya tayar da injin nan take.

Gonar na bayan wani ɗan tudu. Na riƙe hannunsa muka hau. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin hadarin, fadamar ta kama haske daga wannan gefe har wancan, iska na bi ta kan shinkafar tana kwantar da ita tana tayarwa. Baba ya tsaya bai motsa ba. Ya buɗe idanunsa sosai kamar mai shan ruwa da su.

"Baba, me kake gani?"

"Ba na ganin ganye, ba na ganin kunyar gona," in ji shi. "Kore ne kawai, Uwata, kuma yana numfashi."

Muka tsaya har yayyafi ya fara, bai yarda mun koma mota ba. A gidan ɗan'uwan nan namu muka kwana, washegari da rafin ya janye muka dawo. Mama na tsaye a ƙofar gida. Ta dube shi da laka har gwiwa, ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta fasa ta tafi ɗora masa ruwan wanka.

Kafin Kirsimeti idon ya rufe gaba ɗaya. Ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, ban taɓa jin ya yi kuka da makantarsa ba.

Daga baya na yi jinyar mutane da dama, har da mijina. Abin da na koya a bakin rafin nan shi ne, kula da mara lafiya bai tsaya ga ba shi magani da tsare shi a ɗaki ba. In ya faɗi abin da ransa ke so, ko da ya yi kama da wauta, a zauna a saurare shi da kyau, domin shi ne ya san abin da ke shirin kuɓuce masa. In akwai hali, a tashi a kai shi.