Babbar rigata a jikin tankin ruwa

Jama'a, cikin alhini nake sanar da ku cewa babbar rigata ta shadda ta sauka daga muƙaminta.

Na bai wa Malam Sabo, mai wanke gilasan shaguna a Gyaɗi-Gyaɗi, don ya riƙa zuwa Juma'a da ita. Yau na gan ta naɗe da tankin ruwan da yake goyawa. Na wuce, na dawo, na sake wucewa, na kasa haƙuri.

"Malam Sabo, tankin ne zai je masallaci?"

"Alhaji, ni rana ba ta fasa ni. Shi kuwa roba ne. Ranar da ya tsage, ba a ɗora tukunya a gidana."

Ashe ni ne da laifi: na ba da riga, na bar idona a kanta. Ku ma kuna haka?