Shirun da Malama Rabi ke bari

Har yau ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta goma sha tara ina aikin naɗar murya a gidan rediyo. Ku da kuka shigo daga baya, abin da aka fara koya muku shi aka koya mini: kada a bar shiru a iska. Mai tace shiri aikinsa ya yanke shi.

Matata, Malama Rabi, ita ke gabatar da darasin yaƙi da jahilci na matan cikin gida, Litinin da Laraba. Mukan naɗi na wata guda gaba. In ta faɗi kalma sai ta yi shiru na rabin minti, don masu saurare su rubuta. Shirinta kaɗai aka yarda da haka.

Ta rasu saura darasi shida da muka naɗa ba a watsa ba, kuma da su za a yi wa ɗalibai jarrabawa. Shugaban sashe ya ce, "Malam Sani, ko mu dakatar?" Na ce, "Ranka ya daɗe, a ci gaba."

Da na zauna tacewa, na iya jure jin maganarta. Shirun ne ya gagare ni. A cikinsa ana jin numfashinta, da yadda take ɗan buga biro a tebur. Sai na yanke shi duka, na gaya wa kaina ƙa'ida na bi.

Ranar Larabar, bayan la'asar, wata tsohuwa ta yi sallama a zaurenmu na Ƙofar Jatau. Goggo Delu ce, mai daddawa, daga Ƙofar Galadima. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta buɗe littafinta. Layukan baya cike, na makon nan rabi-rabi.

"Ɗan nan, wa ya sa Malama sauri? Da takan jira ni. Hannuna ba na yarinya ba ne."

Na ce, "Ni ne, Goggo. Ki yafe mini."

Washegari na ɗauko naɗin asali na mayar da kowane shiru wurinsa. Na roƙi shugaba a maimaita darasi biyun da na ɓata, ya amince.

Goggo Delu ta ci jarrabawa. Ni kuma na gane cewa a shirin koyarwa, lokacin da malami ya yi shiru shi ne rabon ɗalibi. Ranar darasi na ƙarshe ban fita daga ɗakin watsa shiri ba. Na zauna, a kowane shiru muka jira Goggo ta gama rubutu tare, ni da Rabi. Allah ya jiƙanta.