Sueno Mai Hura Wutar Bas

Shekara tara na yi ina tuƙa bas ɗin kwarinmu Sueno tana hura mini wuta, kuma a shekarun nan sau ɗaya tak na ga ta zauna. Ko dunƙulen shinkafarta a tsaye take ci, ƙafa ɗaya kan matakalar mota, ido kan hanya. Na sha ce mata, "Ke wai cinnaku ne a zaninki?" Sai ta ce, "Baba Gonzo, kai da zama ne sana'arka, yi zamanka ka rabu da ni."

'Yar masu ƙona gawayi ce daga can saman dutse, ita ce auta. Ta auri Jinkichi, wanda yake hura wutar motar kafin ita. Lokacin yaƙi ne, soja sun kwashe fetur kaf, sai kamfani ya ɗaura wa kowace mota tukunyar ƙarfe a baya, tsayinta ya kusa na mutum. A cika ta da gawayi, a kunna, a rufe, iskar da wutar ke fitarwa ta bi bututu ta shiga inji. Mota ta tafi, amma tafiyar tsohon jaki. Da aka kira Jinkichi yaƙi, washegari da asuba na tarar da Sueno tana juya hannun zugazugi, ba wanda ya sa ta. Haka ta zama kwandastata.

Aikin ba na rago ba ne. Ta kwashe toka, ta farfasa gawayi daidai girman ƙwai, ta yi ta juya zugazugi har kafaɗa ta yi tsami, sannan ta kara ashana a bakin bututu. In harshen wutar ya fito shuɗi, to mun tashi. A hawa kuma sauka take ta bi mu a guje rungume da weji, guntun katakon tare mota, da injin ya yi tari ta cusa shi ƙarƙashin taya. Iskar tukunyar tana sa ciwon kai mai tsanani, sai ta ɗaure goshi da tsumma ta ci gaba da masifa.

Bayan an gama yaƙi hukuma ta kawo mata farin akwatin katako naɗe da farin ƙyalle, wai ƙasusuwan mijinta ne. Ta girgiza shi a gaban mutane, ta ji ƙwal-ƙwal, ta buɗe. Tsakuwa ce guda ɗaya da 'yar takarda. Duk da haka aka yi jana'iza, malamin ɗakin ibada ya rubuta wa Jinkichi sunan da ake ba matattu a ɗan allo, aka ɗora a kan kantar ɗakinta. Ba ta yi kuka ba. Abin da ya canza kawai, ta ƙara matsa mini lamba. Kullum sai mun riga jirgin ƙasa na sha biyu isa tasha, ta tsaya tana leƙa fuskokin masu sauka, sannan ta dawo ta zage ni kan tayar da ba ta yi laifin komai ba. Shekara uku muna haka, ni dai na ɗauka taɓin hankali ne.

Da daminar shekara ta uku sai ga kati daga tashar jiragen ruwa inda ake sauke fursunonin da suka dawo daga Sibiriya. Ta miƙo mini, na karanta:

"Ban mutu ba. Na ji an yi mini jana'iza. Ran Alhamis zan wuce a jirgin sha biyu, minti huɗu yake tsayawa. In na gan ki zan sauka. In ban gan ki ba zan zarce arewa wurin haƙar kwal, ba zan ga laifinki ba, kuma ba zan ƙara damun ki da wasiƙa ba."

Ba adireshi, ba komai. Na ce, "Ki tafi tun Laraba ki kwana a gari mana."

Ta ce, "Wa zai hura wutar? Kai? A wannan motar ya bar ni, a cikinta zai same ni."

Ka ji taurin kai! Da na sani da na ɗaure ta na kai ta da kaina.

Kwana huɗu ana ruwa, rumfar gawayinmu ta yi yoyo. A makon ne kuma wani mai wayon ofis ya aiko mana da garin kwal da aka kwaɓa da laka aka dunƙula, wai mu haɗa da gawayi don ya yi auki. Ran Alhamis tun asuba Sueno ke fama, wuta ta ƙi yin shuɗi sai tara da rabi. Ta jefa wani ƙunshi ƙarƙashin kujerata, ta buga ƙofa ta ce, "Taka, Baba!"

Fasinja goma sha shida muka ɗauka, har da Iya Otora mai sayar da namomin daji, wadda bakinta ba ya hutawa. Kwana tara ne, wato lanƙwasar hanya, a hawan dutsenmu. A na huɗu kowa ya sauka ya tura. A na shida injin ya yi tari biyu ya mutu murus, na ji weji ya shiga ƙarƙashin taya. Na duba agogo, sha ɗaya da minti goma.

Sueno ta buɗe gindin tukunya ta zura ƙarfe. Garin kwal ɗin nan ya narke da lakarsa ya daskare kamar dutse, ya toshe hanyar iska. Ta yi ta dukansa tana tsinuwa har ya zubo, ya ƙona mata hannu ba ta ko duba ba. Busasshen gawayin da ya rage bai kai cikin kwando ba, ga sauran kwana uku na hawa a gabanmu, ga daji jiƙe sharkaf.

Ta tuɓe takalmanta na katako, ta ɗauko ɗan gatari.

Na ce, "Ke! Tukunyar gawayi ce. Itace zai cika mini inji da kwalta, ya mutu har abada."

Ta ce, "Zai kai mu saman dutse kafin ya mutu?"

Na ce, "Wataƙila."

"To ya mutu mana."

Ina son motar nan fiye da yadda nake son wasu dangina, amma na matsa na ba ta wuri. Duk kwarin an san zancen katin. Wani manomi ya tuɓe nasa takalman ya miƙa, sai ga su ana ta jefowa. Iya Otora tana tuɓewa tana mita, "Sababbi ne fa, ja'ira, ko sati ba su yi ba!" Muka farfasa su duka, aka zuba. Sueno ta leƙa ta ce bai kai ba. Wani ya nuna weji, ta ce a'a, in mota ta koma da baya duk mun tafi rami.

Sai ta shiga ta jawo ƙunshin nan ta kwance. Farin akwatin ne da allon sunan. Ashe ta taho da su ne ta nuna masa abin da aka ba ta a madadinsa. Shekara uku a ɗaki, sun bushe ƙamas.

Iya Otora ta dafe ƙirji. "Wayyo! 'Yar nan, kayan mamaci? Malami ne kaɗai ke ƙona su. Za ki jawo mana bala'i a kan dutse!"

Sueno ta ce, "Iya, wane mamaci? Mamaci ne ya rubuto mini kati?"

Ta fitar da tsakuwar ta cilla ta rami, ta sara akwatin gida huɗu, ta sara allon gida biyu. Ta rufe tukunya ta kama zugazugi tana juyawa kamar za ta tsinke hannunta. Wani hayaƙi mai kauri, fari da ratsin rawaya, ya turnuƙe ya miƙe sama, kowa ya hau tari. Ba ta jira shuɗi ba, ta yi ihu, "Tayar!" Injin ya kama da wata irin ƙara, mutum goma sha shida ba takalmi suna turawa cikin taɓo.

Sha biyu saura minti biyar muka kai sama. Daga nan ana hango kwarin gaba ɗaya, sai ga jirgin yana bin gefen kogi, ya kusa tasha. Jirgin da kullum yake makara saboda rashin kwal mai kyau, ran nan ya zo a kan lokaci, ɗan banza. Gangarar kuwa minti ashirin ce. Na saki motar fiye da yadda na taɓa yi, birki na wari, Sueno tsaye a matakala tana dukan jikin mota da tafin hannu. Muna kwana na ƙarshe muka ji usur ɗin tashinsa.

A bakin tasha injin ya mutu, bai ƙara tashi ba har aka sayar da ƙarfensa. Ta dire kafin in tsaya, ta ruga ƙafa ba takalmi, na bi ta. Ba kowa a dandamali sai ma'aikaci yana naɗe tutarsa. Ta je wannan ƙarshen, ta dawo wancan, ta sake komawa. Ni kam na juya baya, don ba zan iya kallo ba.

Sai na ji murya daga bayan tulin buhuna. "Wa ya koya miki zuba itace a tukunyar gawayi?"

Wani ramamme ne cikin tsohuwar rigar soja, haƙoransa na gaba babu. Da ƙyar na gane Jinkichi. Ya ce ya duba dandamali bai gan ta ba, har ya koma ya zauna. Amma tun daga gefen kogi ya hango hayaƙin a kwana na shida, kuma ya san gawayi ba ya irin wannan hayaƙin. Ya ce wa kansa, ba mai kashe inji haka sai wanda yake son ya cim ma jirgi. Jirgi ya fara motsi ya diro, ya bar jakarsa a ciki.

Ya dube ta, fuska baƙi ƙirin, hannu a ƙone, ƙafa duk taɓo da jini. Ya ce, "Me kika zuba a ciki?"

Ta ce, "Takalman mutane. Da akwatin gawarka, da allon sunanka."

Sai ya ce, "Sun ci wuta sosai?"

Sai ta sulale ta zauna daɓas a kan simintin dandamali, ta kama ƙafar wandonsa da hannu biyu, ta fashe da kukan da ta ƙi yi ranar jana'izarsa. Fasinjojin suka iso, muka tsaya a kanta mu goma sha bakwai, har da Iya Otora, ba wanda ya ce mata ta tashi.