Ranar da Malam Japheth Ya Ga Zuhal a Tankin Ruwa

Mijina Malam Japheth ya shekara talatin da ɗaya yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Samaru. Duk tsawon shekarun nan, abin da ya fi so bayan Allah ba ni ba ce, bututu ne. Bututun ruwa ne fari, kaurinsa kamar turmi, tsayinsa ya kai kafaɗata. Da hannunsa ya haɗa shi, ya sa madubi a gindinsa, ya ɗora shi kan akwatin katako mai juyawa, na hangen taurari. A unguwarmu ta Palladan bindigar Malam ake ce masa. Ni kuwa tun ranar da ya ɗauke mini murfin sabuwar tukunya ya yi wa abin nan marfi na ce ba zan taɓa leƙawa ba. Kuma ban leƙa ba, shekara ashirin da bakwai. Ina da riƙo, ba sai an faɗa mini ba.

Mutumin nan ya san sama kamar yadda na san layin 'yan tumatir a kasuwar Samaru. Ba ya nema. Zai ɗaga kai sau ɗaya, ya tura bututun da gefen hannu, ya ce wa baƙo leƙa. Wanda ya fi ƙauna shi ne Zuhal, tauraro mai zobe. Ko maganar kuɗin makaranta kike yi masa, in Zuhal ya fito, kin yi da bango.

Bayan ya yi ritaya sai na ga bututun ya fara kwana a lungu, gizo-gizo na saƙa a kansa. Na tambaye shi, ya ce tabarau ne suka tsufa. Ya je asibiti shi kaɗai, ya dawo da 'yar kwalbar maganin ɗigawa, ya ce likita ya ce ba komai. Na yarda. Wauta ta kenan.

'Yarmu Peculiar, da ke aiki a Kaduna, ita ta kawo masa tsohuwar wayarta bara da kaka. Ta sa wata manhaja a ciki. Ana manna wayar a jikin bututun, a saita shi kan tauraro ɗaya da aka sani, a danna. Daga nan duk tauraron da aka rubuta sunansa, kibiya za ta fito tana nuna inda za a tura, har ta zama kore. Malam ya yi tsaki, ya ce shi za a nuna wa hanyar sama? Amma washegari da sassafe ya shiga Sabon Gari wurin Ejike mai gyaran rediyo, abokinsa na shekara da shekaru, ya sa ya ƙera masa mariƙin waya.

Mako uku, kullum da an gama cin tuwo, yana tsakar gida. Ina wanke-wanke ina jinsa: "Ga shi nan tsaf." Na ce a raina, to, mun koma gidan jiya.

Ran wata Laraba na fito zubar da ruwa, sai idona ya sauka kan bakin bututun. Ba sama yake kallo ba. Tankin ruwan maƙwabtanmu yake kallo, baƙin nan na roba da ke kan ƙarafa. Malam na sunkuye, idonsa a manne, yana murmushi.

"Maman Peculiar, yau ya fito da kyau," in ji shi.

Kwanon ya kusa suɓuce mini. Na tsaya ƙiƙam. Na dubi tankin, na dubi mijina, na sake duban tankin. Mutumin da ke nuna wa jama'a tauraro da gefen hannu, yau bai san sama da roba ba. Tsoro ya kama ni. Na koma kicin na zauna kan buhun masara.

Da safe yana wanka na ɗauki wayar na kira Peculiar. Ban faɗa mata zancen tanki ba, na ce dai abin na ƙarya. Ta bi da ni ɗaya bayan ɗaya. Wurin da aka sa, Zariya ne? Zariya ne. Agogo da kwanan wata? Daidai. Ta ce in riƙe wayar in riƙa zana lamba takwas a iska don kamfas ɗin ciki ya dawo hayyacinsa. Na tsaya tsakar gida ina kaɗa hannu kamar mai jagorantar mawaƙan coci. Ta ce in nuna gabas. Na nuna inda rana ke fitowa, waya ta ce gabas. Na zura ta cikin mariƙin Ejike, nan take ta ce kudu. Na zare, gabas. Na mayar, kudu.

"Mama, to ba wayar ba ce," in ji Peculiar.

Na kwance mariƙin, na jefa a jaka, na hau keke napep sai Sabon Gari. Na tarar da Ejike a shagonsa na Muchia, lasifikoki jibge har rufi. Da na ciro mariƙin, makullan gidana suka biyo shi a manne.

"Oga Ejike, me ka cusa a cikin nan?"

Ya washe baki. "Ah, Madam, aiki ne mai kyau. Waya tana zamewa, sai na sa mata maganaɗisun lasifika a baya, na liƙa ɗan ƙarfe a rigarta. Haka nake riƙe kusoshina, dubi." Ya nuna teburinsa, kowace kusurwa da baƙin maganaɗisu, kusoshi sun yi masa cincirindo.

"Wayar da ke neman arewa da kamfas ka ɗaura wa maganaɗisu? Mako uku mijina na kallon tankin ruwa."

Murmushin ya gudu. Ya ajiye sukundireba a hankali. "Tanki? Malam bai gane ba?"

"Bai gane ba."

Ya dube ni. Shi ma ya fahimci abin da na fahimta. Ya ɓamɓare maganaɗisun da ƙarfen, ya fafe guntun katako, ya yanko robar tayar keke ya yi maɗauri. Ko ƙusa ɗaya bai sa ba.

Da magariba na riga Malam fita. Na ɗaura wayar, na juya bututun yamma inda Zara matar wata ke haske, ita kam ko ni na san ta. Na leƙa, na karya rantsuwar shekara ashirin da bakwai, na sa ta a tsakiya, na danna. Na rubuta Zuhal. Kibiya ta ja ni hagu, ta ja ni sama, ta zama kore. Sai ga Malam ya fito yana lalube bango. Yaushe ya fara lalube bango ban lura ba?

"Wa ya taɓa mini kaya?"

"Ni ce. Malam, jiya tankin maƙwabtanmu su Remi kake kallo. Me likita ya ce maka? Kada ka ce mini tabarau."

Ya zauna kan benci. Ya ce hawan jinin ido ne. Na hagu ya tafi tun bara, na dama saura ɗan haske a tsakiya, shi ma likita bai ba shi tabbas ba. Ya ce ya san ba ya ganin komai a bututun, ya ɗauka idon ne ya ƙarasa, shi ya sa yake ta cewa ga shi nan, don kada in ji shiru in tambaya. Raina ya ɓaci, na so in zazzage masa, amma kuka ya riga faɗa fitowa.

"Ba idonka ba ne kaɗai, maganaɗisun Ejike ne. Tashi ka duba."

Na kama hannunsa na kai shi. Ya sa idon dama, ya daɗe, ya murɗa, ya goge ido, ya sake sawa. Ina jin numfashinsa.

"Akwai haske," ya ce. "Ɗan ɗigo. Ban ga siffarsa ba." Ya ja baya. "Ƙauna, ki duba mini. Kada ki yi mini ƙarya."

Rabon da ya kira sunana tun kafin a haifi Peculiar. Na leƙa. Na so in ce masa zobe, don shi na saba ji, amma ba shi na gani ba.

"Malam, babu zobe. Kamar ƙosai ne aka soke da tsinke."

Ya yi dariya, hawaye na bin kumatunsa. "Shi ne. Bana ya juyo mana gefensa, sai bayan shekaru zai sake buɗewa." Ya lalubo kafaɗata ya riƙe. "Kada ki ɗaga kai, yana gudu. Tura kaɗan dama. Me kika gani kusa da shi?"