Ranar da Darakta Ya Ɗauki Sungumi

Duk tsufan nan da na yi, ban manta da safiyar da muka shiga aji muka tarar da gurbin Habu wayam ba, ana gobe za mu tafi Maradi jarrabawar sartifika. Ku da kuke riƙe da makarantu yanzu, in lokacin yaye ɗalibai ya zo kuna kukan takardu sun yi muku yawa, bari in ba ku labarin namu.

A ƙarshen zamanin Faransa ne, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Ni monitar ne, wato ƙaramin malami da ke ƙarƙashin darakta, a lakwal ɗin Dakoro, makarantar boko ta garin. Daraktanmu, shugaban makarantar, shi ne Mushe Kojo (Mushe kamar a ce Malam ne da Faransanci), mutumin Dahome, gajere mai tumbi, kullum cikin gajeren wando na kaki da safa har gwiwa. A bakin teku aka haife shi, ubansa ma'aikacin ofis ne. Gero bai san shi ba sai a cikin fura, furar ma da ƙyar muka koya masa sha.

Sartifika ita ce takardar gama firamare. Wanda ya same ta yana iya zama malami, ko ma'aikacin likita, ko mai rubutu a ofishin Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin. Ba a yin jarrabawar a Dakoro, sai Maradi, kuma a shekarar ne muka fara samun 'yan ajin ƙarshe, ba su ma cika yatsun hannu biyu ba. Mushe Kojo ya ɗauki abin da zafi. Safe da yamma shifta da lissafi. Kogunan Faransa har da rassansu sun haddace, yaran da ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce tabki ba. Har yadda ake tsoma alƙalami a tawada ba a ɓata takarda ba sai da ya koya musu. Yakan bugi ƙirji ya ce babu abin da bai shirya ba.

Cikin watan Mayu saƙon anspektar ya iso daga Maradi, shi ne babban mai duba makarantu. Abu biyu ya ƙunsa. Na farko, darakta da kansa zai rako ɗalibansa, ba wakili. Na biyu, yaron da shekarunsa suka kai iyaka, bana kaɗai yake da ita, in ya rasa ba maimaici. Wannan na biyun kamar don Habu aka rubuta shi. Ɗan Birnin Lalle ne, yana zaune a gidan wani kawunsa cikin gari, gashin baki har ya fara tsiro masa. A lissafi kuwa ni kaina nakan leƙa allonsa kafin in rubuta amsa.

Ranar Litinin da la'asar, cikin watan Yuni, hadari ya taso daga gabas aka sheƙa ruwa, ruwan shuka na farko. Gari ya ɗauki guɗa. Mushe Kojo ya tsaya a ƙofar aji yana murna, wai yaransa za su yi tafiya cikin sanyi. Ni kuwa gabana ya faɗi, don ɗan manomi ne ni. Washegari sauran yaran suka zo, iyayensu 'yan gari ne masu hannayen aikin gona da yawa. Kawun Habu ya ce tun da asuba yaro ya rataya takalmansa a wuya ya kama hanyar gida.

Motar da za ta kai mu, kamiyon Kumandan ce mai ɗaukar wasiƙu, sau ɗaya take tafiya a mako, Laraba da safe. Ƙa'ida kuwa sananniya ce: yaro in ya gudu, darakta ya sanar da Kumandan, a tura gardi, wato ɗan sandan Kumandan, a kamo shi, uban ma ya kwana a tsare. Mushe Kojo ya ɗauki hularsa, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya, ya juyo gare ni.

"Mushe Abdu, me ya sa ya gudu? Tsoron jarrabawa?"

Na ce, "Ba tsoro ba ne, Darakta. Shuka ce."

"To ba sai su jira mu dawo ba?"

Na yi masa bayani. Ƙasarmu rairayi ce, laimar ruwan farko ba ta daɗewa. Wanda bai shuka cikin kwana biyu ko uku ba, sai ya jira wani ruwan, wanda babu mai tabbacin ranar zuwansa. Ranar shuka kuma ba a gayya. Noma ake yi wa gayya. Ran shuka kowa na gonarsa, ko ƙaninka ba ya waiwayarka.

Ya ajiye maganar gardi, ya ce in aro mana dawaki.

Da hantsi muka isa. Gonar tana bayan gari, doguwa, ba a ko ci kwatarta ba. Habu na gaba da sungumi, wato doguwar fartanyar da ake sara rami da ita ana tafe, uwarsa da ƙannensa mata biyu na biye da ƙoƙuna, suna zuba iri suna binnewa da ƙafa. Uban, Baba Arzika, yana zaune a gindin aduwa, ƙafa ɗaya miƙe, ta kumbura sumtum. Da Habu ya hango mu sai ya sunkuyar da kai, amma bai daina sara ba.

Muka gaisa, ni ne tafinta. Darakta ya jera bayaninsa: sartifika, iyakar shekaru, motar gobe. Tsoho ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna ƙafarsa.

"Mushe, ka ga ƙahwag ga? Kurkunu ne. Ɗa namiji guda gare ni, ga shi can. In ba a sari gonag ga ba yau da gobe, mi za mu ci baɗi? Takardan nan taku, ana dama hura da ita?"

Na fassara, ban rage komai ba. Wallahi tausayi ya kama ni, na tsohon da na yaron, don kowannensu da gaskiyarsa. Mushe Kojo ya dubi Habu. Can ya ce in tambaya, aikin dole sai Habu, ko dai kowane namiji mai hannu biyu?

Baba Arzika ya ce, "Sungumi ba shi tambayar sunan mai riƙe da shi."

Sai na ga Darakta ya zauna a ƙasa yana kwance takalmi. Ya tuɓe safa ya naɗe ya cusa a ciki. Na ce, "Darakta, bari ni in tsaya, na san aikin. Saƙon anspektar ya ce kai za ka raka su."

"Kai kana da Hausa da Faransanci, kuma yaran sun fi sakewa da kai a hanya. In kai ka tsaya a nan, monitar ya bar aiki, korarka za a yi. In ni ne, faɗa kawai za a yi mini."

Ya taka har inda Habu yake ya miƙa hannu. Yaro ya dubi ubansa. Tsoho ya yi dariya har da riƙe ƙafa, ya ce, "Ba shi, mu ga ikon Allah." Sarar farko Darakta ya kusa cire babban yatsansa. Ƙannen Habu suka tuntsire, uwar ta rufe baki da gefen zane. Na ɗora Habu a kan dokin Darakta muka juyo, yana ta waiwaye.

A mota, tun daga Dakoro har muka wuce Kornaka, sauran yara na bitar darasi, shi kuwa tambayarsa ɗaya: "Mushe, ya san taki guda ake bari tsakanin rami da rami?" Na ce masa innarka na bayansa, ba za ta bar shi ya yi ɓarna ba, kai dai ka ji da lissafinka.

A Maradi anspektar ya dube ni ta saman tabarau.

"Dakoro. Ina daraktanku?"

"Yana Birnin Lalle, ranka ya daɗe."

"Rashin lafiya?"

"A'a. Shuka yake yi."

Ya sa na maimaita. Na ba shi labarin yadda aka yi. Bai yi dariya ba, bai kuma yi tsawa ba. Ya ce yara su shiga, batun darakta kuma zai ji daga gare shi. Ya kuwa ji, don takardar gargaɗi ta riga sakamakon jarrabawa isowa.

Da muka dawo mun tarar da Mushe Kojo hannaye duk sun yi bororo sun fashe, an shafe da man shanu an naɗe da tsumma. Sai da na yi mako ina yi masa rubutu a allo. Amma gona ta shuku kaf, kuma an sami ruwa a kanta.

Ranar da aka tara iyaye a filin lakwal don karanta sunayen waɗanda suka ci, Baba Arzika ya zo a kan jaki. Sunan Habu ne na farko a cikin namu. Yaron ya tsaya ƙiƙam kamar bai ji ba, sai hawaye. Ni ma na juya baya na share nawa. Tsoho ya sa aka sauko da shi, ya dogara sanda har gaban Darakta, ya kama hannayen nan masu tabo.

"Mushe Abdu, hwaɗa mishi hatsi ya tsiro. Layin nashi dai kamar sawun maciji, duk Birnin Lalle zuwa kallo sukai. Ɗana ya ci taku jarrabawa, shi ko bai ci tamu ba. Baɗi ya komo ya sake."

Darakta ya ce ya karɓi hukunci, amma a yi masa rangwame, shekarunsa sun kai iyaka.

Daga baya ni ma na zama darakta, na yi makarantu da dama. Saƙonni daga sama ba su taɓa yankewa ba, kowanne da abin da za a tanada kafin jarrabawa, kuma ina bin su sau da ƙafa. Amma babu ko ɗaya da ya taɓa tambayar abin da yaro ya baro a gida. Shi ya sa duk shekara, da watan Mayu ya kama, kafin in duba shifta ko lissafi, nakan kira 'yan ajin ƙarshe ɗaya bayan ɗaya in rufe ƙofa, in ce: in ruwa ya sauka ranar tafiya, wa zai yi muku saran shuka?